"Amma fa Baba ka iya Hausa!"

Na so in haɗiye abin nan kamar yadda na saba haɗiye 'yan uwansa, amma tun jiya ya tsaya min a maƙogwaro, ko tuwon dare ban iya ci ba. Shekarata 58. A Ayagi aka yanke min cibiya, a nan aka yanke ta mahaifina da ta kakana. Amma jiya wani yaro da bai kai sa'an ɗana na biyu ba ya dube ni ya yaba min, wai na iya Hausa.

Mu jikokin Yarabawan da suka zauna cikin birni tun zamanin Sarki Ibrahim Dabo muna da ɗan taron da muke yi bayan Babbar Sallah. A sauke Alƙur'ani, a yi wa magabata addu'a, mata su sha ashoke da gwaggwaro, a tuƙa amala, masu ganga su ɗan taɓa, yara su ji inda aka fito. Da a ƙofar gida muke yi. Yanzu zuri'a ta yi yawa, lungu ba ya ɗaukarmu, sai muka ce bari mu nemi aron fili na wuni ɗaya, mu bi doka, mu karɓi izini a rubuce. Ashe mu ne marasa wayo.

Zuwana na huɗu ke nan ofishin. Na farko, oga ya tafi taro. Na biyu, babu wuta. Na uku, mai makullin kabad ya tafi gaisuwar mutuwa. Jiya na fita tun takwas, na ba mai adaidaita sahu kuɗin da a da zai kai ni Zariya, na zauna a benci har aka kira azahar, sannan aka ce in shiga.

Na yi sallama. Bai amsa ba, yana latsa waya, ɗaya hannun yana cikin ledar awara. Na sake sallama. Ya ce "Uhm."

Na ce, "Yallaɓai, a kan takardarmu ce ta neman fili."

Ni ne fa na ce masa yallaɓai, da furfurata. Ya lalubo ta cikin tarin takardu da wannan hannun na awara, yanzu haka tambarin yatsansa na mai yana nan a kan sunan ƙungiyarmu. Ya fara karantawa yana motsa leɓe, har ya kai inda muka rubuta asalin kakanninmu. Sai ya tsaya. Sai a lokacin ya ɗago ya kalle ni, tun daga hula har takalmi.

"Au, wai ku Yarabawa ne?"

Na ce, "Kanawa ne, yallaɓai. 'Yan Ayagi."

Ya yi dariya, ya juya wajen abokin aikinsa ya ce, "Zo ka ji ikon Allah." Ya juyo. "Amma fa Baba ka iya Hausa! Wallahi kamar Bakano."

Kamar Bakano. Na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri da wannan jarrabawa da na ci ba tare da na san na zauna ta ba. Ni da ban san Yarabanci ba sai gaisuwar safe da sunayen miya biyu da na tsinta a bakin kakata. Ni da na yi allo a zauren malaminmu, na hau Dala ranar Takutaha tun ina riƙe da rigar yayana, na ga Hawan Daushe a wuyan mahaifina. Da wane harshe yake so in zo masa?

Na danne zuciya na ce, "To yaya maganar izinin?"

Ya ture takardar gefe. "Gaskiya irin wannan harkar ta baƙi, ai Sabon Gari ya kamata ku je. Ko ku koma can garinku ku yi abinku cikin 'yan uwanku, ya fi muku daɗi."

Na ce, "Wane garin?"

Ya ce, "Kai ka sani." Ya koma kan wayarsa. Can kuma, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Amma in akwai ɗan goro, sai a ga abin da za a iya yi."

Goro! Kakana da goro ya ci abinci, mahaifina har ya bar duniya yana zuwa Mariri kasuwar goro. Yau jikansu baƙo ne, amma goronsa ɗan gari ne.

Ina ma yaron nan zai ajiye waya ya zaga birnin da yake taƙama da shi. Ya tambaya su wa suka kafa Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa. Ya tambaya wane ne "Turawan" Dandalin Turawa, a faɗa masa Larabawa ne fatake da suka keto Sahara. Ya ji cewa Wangarawa daga Mali suka iso zamanin Sarki Yaji da addini, Shehu Maghili ya sauka zamanin Rumfa, Kantin Kwari da yake sayen shaddarsa baƙi Kwara, wato 'yan Lebanon da Siriya, suka fara kasuwanci a cikinsa. Shi kansa Bagauda ai daga Daura ya zo. In za a ce kowa ya koma garinsu, sai a bar wa jikokin Barbushe makullin gari, mu ga ko shi mai awara zai kwana a ciki.

Kuma ba yau aka fara ba. Lokacin da 'yata ke neman takardar shaidar zama 'yar ƙaramar hukuma don tallafin karatu, mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya sa, duk sun san gidanmu tun kafin a haife ni. Da muka kai sakatariya aka ga sunan kakanmu, sai aka fara "asalinku fa?" Wata uku muna zarya. Na taɓa zuwa Ilori biki, can kuma Gambari suke kirana, wato Bahaushe. Nan Bayarabe, can Gambari. Sai dai a yanka mana fili a tsakiyar gadar Jebba.

Sabon Garin da yake tura mu, ya taɓa shiga da damina? Unguwar da Turawan mulki suka ware wa baƙi fiye da shekara 100 da suka wuce, har yau kallon masauki ake mata. Haraji dai ba ya kuskuren ƙofa, amma kwata ta toshe, titi ya zama kududdufi. Inyamurai su yi bikin sabuwar doya da kuɗin aljihunsu, ba mai leƙa su. Bari zaɓe ya matso, ka ga 'yan siyasa sun kafa jar hular Inyamurai, gobe sun karkata ta Yarabawa, ana "Kano ta kowa ce." A rantsar da su, ta koma ta masu takarda.

Wai ma me nake nema a wajen mutanen da nasu bikin ya gagare su? A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Hawan Sallar Kano cikin kayan gadon duniya, aka cika rediyo da murna. Sallar da ta biyo baya aka hana hawan saboda rikicin sarauta. Dawaki suka ci dusa a banza, masu kwalliyar doki da 'yan kasuwa suka tafka asara. Badala kuwa kullum cinye ta ake, a wayi gari a ga shago ya tsiro a kanta. Wanda bai riƙe ganuwar kakansa ba, gangar kakana ce za ta dame shi?

Ya ce in dawo Litinin, wai oga zai duba. Mun riga mun sayi shinkafa, mun ba masu ganga kafin alƙalami, tsofaffinmu mata sun fito da ashoke daga adaka suna shanyawa. Da na dawo gida ƙaramar jikata ta tare ni a soro tana tambaya, "Baba Alhaji, an ba mu filin?" Na ce mata oga ya tafi taro.