Kafin ka ce a kori koci, tambayi kanka me aka ba shi

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa masu raba dare wajen kallon ƙwallon kwando ta Amurka. Ina da magana da ku, amma da laifina zan fara.

Wata safiyar Juma'a cikin sanyin Disamban 2021, na idar da sallar Asuba na janyo waya in duba yadda ƙungiyata Oklahoma City Thunder ta kwana. Memphis 152, mu 79. Na murza ido na sake dubawa. Ratar maki 73 ke nan, irin dukan da ba a taɓa yi wa wata ƙungiya ba a tarihin NBA. Abin takaicin ma, Ja Morant, tauraron Memphis, bai ko saka riga ba, yana jinyar gwiwa. Kafin in ƙarasa wurin mai shayi 'yan majalisarmu sun riga sun shirya min, wani har da miƙo min kofi yana cewa in sha in huce, Allah ya ba da haƙurin rashi. Cikin zafin rai na rubuta a zaurenmu na WhatsApp cewa a kori kocin nan yau ba sai gobe ba, wai ina ma aka samo shi. Kocin da nake nufi Mark Daigneault ne, wanda bai wuce shekara ɗaya da 'yan kwanaki a kan kujerar ba.

Abin da ya ruɗe ni shi ne yake ruɗin yawancinmu. Da Firimiya muka buɗe ido, muka ɗauko zuciyar gidan kallon ƙwallon ƙafa muka shigo da ita nan. A can, in ƙungiya ta jera rashin nasara, rukunin 'yan dagaji na jiranta, ga asarar kuɗi mai yawa, don haka a sallami koci cikin gaggawa yana da hujja. NBA ba ta da wannan. Ƙungiyoyi 30 ne, ko ta ƙarshe ka zo kana nan daram baɗi. Kuma waɗanda suka ƙare a ƙasa su ake ba babbar dama wajen zaɓen sabbin 'yan wasa matasa. Shi ya sa za ka ga ƙungiya da gangan ta rabu da manyanta ta koma tushe.

Haka Oklahoma ta yi a 2019. Shugaban harkokinta Sam Presti ya miƙa Paul George ga Clippers, ya karɓo wani yaro siriri mai suna Shai Gilgeous-Alexander da damar zaɓe biyar ta zagayen farko, sannan Russell Westbrook ya tafi Houston. A Maris ɗin 2021 ma aka zaunar da Al Horford, lafiyarsa ƙalau, don yara su samu fili. To ka gaya min, wanda aka ba 'yan tsaki aka ce ya rena, da wane bakin za ka tambaye shi ƙwai washegari?

Ku dubi yadda lissafin ya tafi a hannun mutum ɗaya. Kakar farko nasara 22, ta biyu 24, ta uku 40, ta huɗu 57 har aka ba shi kyautar gwarzon koci na 2024, ta biyar 68. Wanda ya tsaya a shekaru biyun farko zai rantse ba a tafiya ko'ina. A cikin shekarun nan ne kuwa Lu Dort, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2019, ya zama mai tsaron da taurari ke gudun haɗuwa da shi. A ciki ne aka ɗauko Jalen Williams a lamba ta 12 a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2022, da ɗaya daga cikin damar da aka karɓo daga Clippers. Chet Holmgren da aka ɗauka a lamba ta 2 a shekarar bai buga wasa ko ɗaya ba a kakarsa ta farko saboda rauni a ƙafa, aka jira shi.

Saboda haka in ƙungiyarka tana wannan hali, rage kallon lambar ƙarshe, ka kalli abin da ke faruwa a fili. Yaron da a Nuwamba yake zubar da ƙwallo da an matse shi, a Maris ya fara ɗaga kai yana ganin abokin da ba a tsare ba? In ana binsu maki 20 saura minti biyar, suna komawa tsaro da gudu, ko kowa ya saki jiki yana jiran a tashi? Wa koci yake ba mintuna, yaran da aka ce ana ginawa, ko tsofaffin da za su samo masa nasara biyu uku ya tsira da kujerarsa? Wannan na ƙarshen ni shi na fi sa wa ido. Kocin da ke tsoron kora yakan danne yara a benci, kuma ihun magoya baya na cikin abin da ke saka masa tsoron.

Kada wani ya ce na ce a rufe ido. Detroit Pistons ta ba koci Monty Williams kwantiragin shekara shida na dala miliyan 78.5 a 2023, ƙungiyar ta sha kashi sau 28 a jere, ta ƙare da nasara 14 kacal. Shekara ɗaya aka sallame shi. J.B. Bickerstaff ya karɓa, suka ci 44 suka shiga wasannin neman kofi. Akwai lokacin da sauyi ke zama dole, musamman in yaran sun daina sauraro. Sai dai masu kafa hujja da Detroit sukan manta cewa a bazarar aka kawo ƙwararru irin su Tobias Harris da Malik Beasley suka buɗe wa matashin tauraronsu Cade Cunningham fili. Ba hular koci kawai aka canza ba.

Shi kansa haƙurin ba alƙawarin kofi ba ne. A tsarin da aka kawo a 2019, ƙungiyar da ta zo ƙarshe kashi 14 cikin 100 kawai aka ba ta na samun lamba ta ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa, ƙuri'a ce ake jefawa. Detroit ta zo ƙarshe sau biyu a jere, a 2023 da 2024, duka biyun lamba ta biyar ta samu. Philadelphia ta jure shekarun wuya har da kakar da ta ci wasa 10 kawai, ta samu Joel Embiid, amma har 2025 ba ta tsallake zagaye na biyu na wasannin neman kofi da shi ba. Namu Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, yana shugaban harkokin Toronto ya sallami koci Dwane Casey a 2018 bayan nasara 59, shekara na zagayowa suka ɗauki kofi. Amma waccan ƙungiya ce da ta nuna, an kai gaɓar girbi ana ta tuntuɓe a wuri ɗaya. Kada ka auna taka da ita alhali ko huɗa ba a gama ba.

Sai maganar baki. Yaran nan da muke zagi wasu shekararsu 19, ƙannenmu ne a haife. Ka shiga shafin yaro ka zage shi har da iyayensa don ya ɓarar da jifa, wannan ba kishin ƙungiya ba ne, rashin tarbiyya ne, kuma ana rubutawa. Na kuma lura, ba da kowa nake ba, cewa masu ihun da ya fi ƙarfi sau da yawa kuɗi suka zuba a caca, shi ya sa rashin nasarar da kowa ya san za a yi take ƙona musu rai. Ɗan'uwa, bar cacar. Kuma wasan da ake farawa ƙarfe biyun dare, in ka san zai sa ka makara Asuba ko ka yi gyangyaɗi a aji, ka kwanta, da safe ka kalli taƙaitaccensa.

A Yunin 2025 Oklahoma ta doke Indiana Pacers a wasa na bakwai, 103 da 91, Shai ya zama gwarzon kaka da na wasannin ƙarshe, Daigneault na tsaye a gefen fili kamar yadda yake a daren Memphis. Ina cikin murna wayata ta yi ƙara. Abokina ne, wancan da ya miƙo min kofin shayi. Ashe ya adana hoton saƙon da na rubuta tun 2021, ya turo shi zauren, ya rubuta a ƙasa: "Malam, har yanzu a kore shi ko a bar shi?"