Murar hunturu ba a hanci kaɗai take tsayawa ba

Da hunturu ya shigo Katsina, hazo ya rufe gari har ba ka hango hasumiyar Gobarau daga nesa, kowa ka gaisa da shi sai ka ji "wallahi mura ke damuna", kai kuma ka ce Allah ya sawwaƙe ka wuce. Ga saurayi mai jini a jika ba komai. Amma ga dattijo mai hawan jini ko ciwon suga, ni dai ina ganin wannan raini da muke ma mura yana cin mutane ba mu lura ba.

Ƙwayar cutar ta hanci take shiga, gaskiya ne, sai dai faɗan da jiki ke yi da ita ko'ina yake kaiwa. Zazzaɓi na sa zuciya ta ƙara gudu, huhu ya cushe iskar da ke shiga jini ta ragu, wato an ƙara ma jaki kaya kuma an rage mashi harawa. Ga kumburi a cikin jijiyoyi, jini ya fi saurin daskarewa, in dama akwai kitsen da ya daɗe liƙe a bangon jijiya sai ya fashe, gudan jini ya toshe hanya, shi ne za ka ji an ce wane jiya fa muka yi sallar isha'i tare da shi. Wani lokacin ma tsokar zuciyar kanta ke kumbura, wannan kuma har matasa yana kamawa.

Ba zancen majalisa ba ne. A 2018 masu bincike a Ontariyo ta Kanada sun gano cewa a kwana 7 na farko bayan an tabbatar mutum na da mura mai tsanani, wato infuluwenza, haɗarin bugun zuciya na ninkawa kusan sau 6. A 2022 kuma aka bi tsoffin sojojin Amurka sama da 150,000 da suka yi korona, aka ga har zuwa shekara guda matsalar zuciya da shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a cikinsu kan waɗanda ba su kamu ba. Na san wasu da sun ji korona za su taɓe baki, to a tuna wanda ta fara kashewa a jihar nan likita ne, a Daura, watan Afrilun 2020.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne haɗin kemis. Mutum ya je ya ce a haɗa mashi na mura, ba wanda zai tambaye shi ko yana da hawan jini, alhali da yawan magungunan buɗe hanci akwai sinadarin sudo'efedirin da ke matse jijiya ya ɗaga jini, a ƙara mashi da diklofenak ko ibufurofen da su ma ke ɗaga shi. Kawuna haka ya yi bara, kwana uku yana sha, kuma ya ajiye maganin hawan jinin nasa wai kada magani ya yi yawa a ciki. Sai da ƙafafunsa suka kumbura, ya kasa kwanciya sai a jingine, sannan muka kwashe shi zuwa asibiti.

Don haka in mura ta zo da nauyin ƙirji, ko haki daga ɗaki zuwa zaure, ko zuciya na dukan uku-uku, ba citta da kanumfari ba ne maganinta, a je a auna jini a yi gwajin zuciya ranar. Ku kuma 'yan ƙwallon yamma, mai zazzaɓi ya zauna a benci har sai jikin ya sake.