Ranar da Mbappe ya fito da ƙyanda a ɗakina

Tunda abokina Dogo ya riga ya watsa bidiyon kunyar da na sha ranar gasar gem a sitatus bari ni ma in faɗi nawa, don wlh abin da ya ɗauka ba shi ne farkon labarin ba.

Katin girafik ɗin kwamfutata dai, mai zana hoton gem, GTX 1660 Super ne, na hannu, mai giga 6, lafiyarsa ƙalau. Wani bature na gani a YouTube yana cewa akwai sauran gudu a ɓoye cikin memorin katin, ka buɗe manhajar MSI Afterburner mai ƙara wa kati gudu ka ja sanda ka ci kyauta. Ya ce a dinga ƙarawa kaɗan-kaɗan ana gwadawa, to shi yana da lokaci. Gudun memorin yana kan 7000, na ɗora masa 1500 gaba ɗaya, na danna ɗan tambarin Windows ɗin nan da ke sa saitin ya tashi tare da kwamfuta, na shiga guruf na sanar cewa Asabar akwai gasar FC, gem ɗin ƙwallo, a ɗakina kuma kowa ya zo ya ga aikin injiniya.

Asabar ɗin kuwa kun san zafin Afrilu a Kano, rana ta haura 40, ɗaki cike da ƙarti, fanka ɗaya tana juya iska mai zafi. Wasan farko lafiya. Ana cikin na biyu, ni da Madrid ina cin Dogo ɗaya da nema, sai ga wasu ɗige-ɗige kore da ruwan hoda sun feso a fuskar Mbappe kamar mai ƙyanda. Kafin in ce wani abu ciyawar filin ta koma murabba'i-murabba'i, hannun gola ya miƙe tun daga raga har cikin 'yan kallo, sikirin ya ɗauke ya dawo.

Na ce kebul ne. Da ƙarfi na faɗa, har da ɗaga hannu, na ce jama'a ku kwantar da hankalinku wannan HDMI ne na san shi. Na zare na hura masa iska na mayar. Ɗige na nan. Na tura yaro a Keke har Farm Centre ya sayo sabo, muna zaune ana shan fiya wata ana kallona, aka kawo aka jona, ɗige ya ƙaru. Sai na juya kan talabijin ɗin, kuma a nan ne rigima ta tashi don ta Dogo ce.

Shi Dogo ai kun san halinsa da talabijin ɗin nan. Tun bikinsa aka ba shi ita har yau bai ɓare ledar gefenta ba, in zai ba ka aro sai ya biyo ta da kansa ya zauna kusa da ita, kuma shi ke riƙe rimot. Mutumin da har yau cajata tana gidansa tun azumin bara, in na tambaya ya ce Madam ce ta ajiye. Ina cewa ƙila fanel ɗinta ne ya fara tafiya sai ya miƙe tsaye, wai "Injiniya ka iya bakinka, talabijin ɗina ko layi ba ta taɓa yi ba", ya ciro waya ya fara ɗauka. Ba don ya kare talabijin ba ne fa, ci ɗaya ɗin nan ne yake so ya bi ruwa, ni na sani.

Na ce to direba ne, wato manhajar da ke sarrafa katin. Na kashe na kunna, Windows na tasowa komai tas, na ce kun gani ko, ana shiga gem ƙyanda ta dawo har da ta alƙalin wasa. Na danna Windows da Ctrl da Shift da B tare don direban ya farfaɗo, ya yi ɗan ƙara ya yi duhu ya dawo da kayansa. Na fara bayanin manhajar DDU da yadda ake wanke direba da ita a sake sabo, gumi na ɗiga a kan kibod, babu mai saurarona.

Duk wannan abin ɗan yayata yana rakuɓe a bakin ƙofa, JSS 3 yake, aiko shi aka yi da kwanon abinci. Sai ya ce, a hankali, "Kawu, ka ɗauki sikirinshot mana." Na ce kai tafi gida. Dogo ya ce a'a a bar yaro ya yi magana. Yaron nan ya zo ya danna, ya tura hoton wayar Dogo, ga ɗige-ɗigen nan raɗau a cikin hoton. Ya ce in da kebul ne ko talabijin da hoton zai fita fes, tunda ya shiga hoto to daga kati yake fitowa. Sannan ya ce, "Kawu ko an taɓa memori?"

An taɓa. Ji ladabi don Allah.

Na ce wa zai taɓa. Ya leƙa ƙasan sikirin wajen agogo, ya buɗe Afterburner, ga +1500 ɓaro-ɓaro a talabijin mai inci 43 gaban mutum goma sha. Ya shiga yi musu karatu, wai a memorin ake ajiye fatar 'yan wasa da riga da ciyawa, in aka kore shi fiye da ƙarfinsa ga zafi sai ya dinga miƙo lambobi a karkace, katin kuma abin da aka ba shi yake zanawa. Wai wani lokacin ma gudun raguwa yake, don in an samu kuskure a hanya sai an sake aikowa. Ya danna kibiyar mayar da saiti yadda yake tun asali, ya cire tambarin Windows ɗin, Mbappe ya warke nan take. Ya ɗauki kwanon jiya ya ce sai da safe Kawu.

Dogo ya ce a fara wasa daga farko. Ya ci ni uku. Yanzu a guruf in wayar wani ta ɗan yi zafi sai a ce a kira JSS 3.

Na mayar da memorin +400 da daddare kuma bai yi komai ba, amma ban faɗa wa kowa ba. Kebul ɗin dai yana nan a kwalinsa, mita 3, in da mai so ya yi magana, kuma Dogo ka dawo min da cajata.