Saje Ya Tashi Jirgi a Bayan Tirela

Tun daga Kano Saje ya ƙi shiga gaban mota. Ya haye can sama, ya cusa kansa a kujerar matuƙin tsohon jirgin yaƙin nan MiG-17 da aka ɗaure da sarƙoƙi, za a kai Kaduna a kankare masa tsatsa a shafa fenti. Fukafukan an kwance su, suna jingine a kan tsofaffin tayoyi.

Direba: Baba, don girman Allah ka sauko. Ga wuri a gaba, har da fanka.

Saje: Matuƙi ba ya barin jirginsa.

Direba: Wane jirgi? Wannan ai kaya ne. Ko tan huɗu bai cika ba. Jiya na ɗauko simintin da ya ninka shi sau bakwai.

Saje: Kaya? Ka yi istigfari! Watan Agustan 1967 ina tsaye a filin jirgin Kano manyan jiragen Rasha suka sauke irinsa, gunduwa-gunduwa. Lokacin ubanka bai san amfanin wando ba.

Yaron mota: Ashe yadda ya zo haka zai koma.

Saje: Kai, rufe min baki. Daga yau kai ne hasumiya. Hasumiya! Ina neman izinin tashi.

Yaron mota ya dubi maigidansa, ya dubi sama, ya ɗaka wa jikin tirela duka biyu.

Yaron mota: Mu je!

Saje: Ba haka ake faɗa ba. Maimaita.

Sai da ya maimaita sau biyar aka bar Na'ibawa. Kafin Kura tirela ta faɗa wani rami, irin wanda ya girmi wasu 'yan majalisa a kujera.

Saje: Kowa ya ɗaura ɗamara, mun shiga hadari!

Direba: Rami ne, Baba.

Saje: A ƙasa rami ne. Nan sama hadari muke ce masa.

A Kwanar Dangora wani ɗan gwangwan ya biyo su a kan babur, yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana shafa cikin jirgin kamar mai taya rago.

Ɗan gwangwan: Alhaji, alminiyon ne ko? Nawa kilo?

Saje: Wa ya bar wannan ya shigo sararin samaniyata?

Ɗan gwangwan: Ko fiffike ɗaya ka sallama min. Tukwanen biki ashirin za su fita, har da marufi.

Saje: Tukwane! Abin da ke cin kilomita 1,100 a awa guda za ka dafa wa mata shinkafa a ciki? Kano zuwa Kaduna ko kwatan awa ba ya kaiwa!

Direba: To yau awarmu huɗu, ba mu hango Tashar Yari ba.

Saje: Laifin injinka ne.

Direba: Naka fa?

Injin jirgin dai an cire shi tun Saje na da haƙora. Bai amsa ba, ya gyara hular kwanon da ya aro a wurin ɗan acaɓa.

Gaba kaɗan sai ga shinge, ganga biyu da katako mai ƙusa. Mai shinge ya zagaya tirela sau uku yana neman inda laifi ya ɓuya.

Mai shinge: Me kuka ɗauko?

Direba: Ga takardu, yallaɓai. Tsohon jirgin yaƙi ne, gyara za a kai shi.

Mai shinge: Jirgi ba fiffike? Laifi na ɗaya. Ina bindigoginsa?

Saje: Uku gare shi. Ɗaya mai milimita 37, biyu masu milimita 23. An cire.

Mai shinge: Jirgin yaƙi ba bindiga, laifi na biyu. Da na same su, da laifi na uku ke nan. Baba, kai ne matuƙi? Kawo lasin.

Saje ya zaro wata tsohuwar leda daga ƙirji, ya miƙo takarda.

Mai shinge: Wannan ai ta fansho ce.

Saje: Ita ce ta fi kowace ƙarfi. Sau tara ana kirana a tantance ko ina da rai, duk na ci jarrabawar. Kuɗin ne har yau bai ci ba.

Mai shinge: Ni dai tambayata, ka taɓa tuƙa shi?

Saje: Ka ji yaro. A farkon yaƙin basasa Misirawa ne ke zama a kujerar.

Mai shinge: Kai kuma?

Saje: Ni ke riƙe tsani.

Yaron mota ya faɗa bayan taya yana tari.

Saje: Ku yi dariya! Ba tsani, ta ina Bamisire zai hau? Duk tashin da jirgin nan ya yi, ta hannuna ya bi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ku je ku tambaya ko an yi yaƙi.

Ana cikin haka sai wata kaza ta leƙo daga hancin jirgin, wato ramin nan na gaba da yake shaƙar iska. Ashe can take kwanci tun Kano.

Mai shinge: Fasinja ba tikiti. An kama ta.

Ya rungume ta a hammata, ya janye katako. Direba bai ce uffan ba, don kaza ta fi abin da ya tanada a aljihu sauƙi, kuma ba tasa ba ce.

Da shigarsu Zariya wayar lantarki ta tokare wutsiyar jirgin. Yaron mota ya hau da gora zai ɗaga ta.

Saje: Hasumiya, a yi hattara!

Wata tsohuwa mai ƙosai ta ɗago kai ta ce ya kama da hannu ma, rabonta da wuta tun azumi.

Sai bayan isha'i suka isa Kawo. Direba ya kashe mota ya nufi mai shayi. Saje ya leƙa ƙasa, ya ga nisa, ga ruwan da ya sha tun azahar ya fara neman hanya.

Saje: Kai yaro! Kawo tsani ka riƙe min.

Yaron mota: Baba, ba ka nemi izinin sauka ba.

Saje: Hasumiya, ina neman izinin sauka.

Yaron mota: Ba haka ake faɗa ba. Maimaita.