Kafin a ce babu netwok, a fara aunawa

Maganar da ta fi ci min rai a ofisoshi da shagunan kwamfuta a nan Birnin Kebbi ita ce "netwok ne babu". Da zarar an faɗe ta, sai kowa ya naɗe hannu, mutane su yi ta tsayuwa cikin rana da takardunsu, wasu tun daga Zuru ko Yawuri suka taso da asuba. Na daɗe ina jan waya da haɗa na'urori, kuma abin da idona ya gani shi ne, sau da yawa matsalar tana cikin ɗakin da ake zaune, ba wanda ya duba ne kawai.

Kwanakin baya wani dattijo mai cibiyar kwamfuta ya kira ni ana tsaka da rububin rajistar jarrabawa. Sau biyu ya sauya kamfanin intanet, ya zuba kuɗin data har ya gaji. Ya ce, "Malam, mutanen nan sun cuce ni." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, bari mu duba gida tukuna."

Da ping na fara, ɗan ƙaramin umarni da ke cikin kowace kwamfuta, wanda wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta tun 1983. Aikinsa ya tura saƙo zuwa wata na'ura, ya jira amsa, ya gaya maka tsawon lokacin da ta ɗauka. Ban ma nufi waje ba, rauta ɗin da ke kan kabad a gabanmu, wato na'urar da ke haɗa cibiyar da intanet, na tura wa. Abin da ya kamata ya dawo nan take, sai ga shi cikin saƙo goma uku suna ɓacewa. Muka bi waya da tocila har cikin silin, muka tarar ɓera ya gwigwiye ta. Akwatin da ke rarraba wayoyin kuwa ƙurar hunturu ta toshe masa kafofin shan iska, in ka ɗora hannu sai ka janye don zafi.

Bayan mun sauya waya na buɗe Winbox, manhajar sarrafa rauta, domin rauta ɗin na kamfanin MikroTik ne. Akwai wani sashe a ciki mai suna Torch da ke nuna wa ke jan data a daidai wannan lokacin. Na'urorin da ke haɗe sun kusan ninka kwamfutocin cibiyar, ashe lambar sirrin wayifai ta zaga layin gaba ɗaya. Ga kuma kwamfutoci biyu suna ta sauke sabuntawar Windows ba wanda ya sani. Muka canza lambar, muka yanka wa kowace kwamfuta rabonta, kafin la'asar layi ya fara tafiya. Alhaji bai sayi komai ba sai waya.

Ba wai ina wanke kamfanoni ba ne. Wani lokacin da gaske daga waje ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka ji a jikinsu, kuma 'yan'uwanmu na Zamfara ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa saboda matsalar tsaro. Amma ko a nan aunawar ce ke raba gardama. Traceroute zai jero maka zango-zango da saƙonka ke bi, ka ga inda ya maƙale. In ka kira kamfani da wannan a hannunka, maganarka tana da nauyi.

Abin da ke ba ni takaici, yawancin kayan nan kyauta ne. Zabbix da Nagios Core, manhajojin sa ido kan netwok, ba a biyan ko sisi. PRTG, irinsu ne shi ma, yana ba ka damar sa ido kan ma'auni 100 kyauta. Tsohuwar kwamfuta ɗaya ta isa ta riƙa sa ido dare da rana, ta sanar da kai na'ura ta mutu tun kafin mutane su taru a ƙofa. Sai dai a ji tsoron Allah da irin su Wireshark, domin yana nuna abin da ke wucewa ta cikin waya. Wanda aka ba wannan aiki amana aka ba shi, ba izinin leƙen asirin jama'a ba.

Shugabannin ma'aikatu da masu cibiyoyi, don Allah in za ku ware miliyoyi ku sayi kwamfuta da sola, ku ware albashin yaro ɗaya da zai riƙa duba lafiyar netwok. Ga su nan suna fitowa duk shekara daga Kwalejin Waziri Umaru da jami'ar Aliero, suna neman inda za su gwada hannunsu. Shi dai Alhaji ya ɗauki ɗaya, kullum da safe kafin a buɗe ƙofa sai yaron ya duba allon sa ido ya kaɗe ƙura.