Inda Aka Ce A Taƙaita, Nan Tarihin Yake

Ƙannena matasa, musamman ku da waya ba ta barin hannunku, ku ba ni aron kunnuwanku kafin guguwar zaɓe ta taso. Kun san rubutun nan da ke fara yawo da zarar mutum ya yanki fom: "Taƙaitaccen tarihin Honarabul wane." An haife shi a gidan mutunci, ya yi allo, ya yi boko, ya riƙe muƙamai daban-daban, ya raba kekunan ɗinki, shi ne garkuwan matasa kuma uban marayu. Kai kuma ko gama karantawa ba ka yi ba ka tura wa mutum hamsin, ka ɗora da "sai ka yi, jagora."

Na san yadda ake haɗa wannan miya, domin da hannuna na taɓa kaɗa ta. Shekarun baya wani mai neman kujerar majalisar jiha ya aika aka kira ni in rubuta masa tarihi. Ina zaune a kan kafet a falonsa, yaransa sun cika tsakar gida ana ta rabon shayi, shi kuma yana kishingiɗe yana faɗa ina rubutawa. Makarantun da ya yi sai da muka ci shafi guda. Da muka iso kan shekaru ukun da ya yi yana ciyaman na ƙaramar hukuma sai ya ɗaga hannu ya ce, "Nan ka taƙaita, ƙanena. Ka ce dai mun yi wa al'umma hidima." Na taƙaita. Alhali na sani, kowa ma ya sani, a zamaninsa aka bar asibitin sha-ka-tafi na wani ƙauye kusa da mu babu rufi har awaki suka mai da shi makwanci, bayan an fitar da kuɗin gyara. Na fito da ambulan da yadi biyar na shadda. Shaddar ta daɗe da yagewa. Rubutun kuwa ya zaga gari, kuma a wajen Allah sunansa shaidar zur, ko da na kira shi aikin jarida. Har yau in na tuna sai na yi istigfari.

To ku saurara. Duk tarihin ɗan takara da aka miƙo muku, ku tsallake wajen haihuwa da sarautun da aka naɗa masa, ku nemi shekarun da aka damƙa masa kuɗin jama'a ko ikon sa hannu. Me ya tarar, me ya bari? In an yi gaggawar wucewa ta wurin, ku tsaya nan ku kafa kujera.

Ku ɗauki marigayi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa. An haife shi a garin Kaya a 1936, ya yi Midil ta Zariya, ya yi aikin malanta, daga baya ya zama akanta. Tun yana saurayi yake tare da NEPU, jam'iyyar talakawa ta su Malam Aminu Kano, lokacin da shiga NEPU ba ta kawo wa mutum komai sai tsangwama da ɗauri. Saboda haka da ya fito takarar gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna a 1979 ƙarƙashin PRP, lokacin Katsina na cikinta, ba a buƙaci wani ya zauna a kafet ya ƙirƙira masa aƙida ba. An riga an san inda ya dosa. Ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN, amma majalisar jihar ta kasance a hannun NPN da rinjaye mai yawa. Ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Ku tambayi kakanninku abin da haraji yake nufi a wancan zamani, yadda magidanci ke barin gari ya tafi cirani don gudun wulaƙancin masu karɓa, yadda Bafulatani ke kora shanu daji cikin dare. Majalisa ta yi ta mai do masa da sunayen kwamishinonin da ya aika, shi kuma ya ƙi sayen sulhu da muƙamai, har ya yi mulki wata ashirin da 'yan kai babu kwamishina ko ɗaya. Ranar 23 ga Yunin 1981 suka tsige shi, ya zama gwamnan farko da aka tsige a Najeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau.

Ban kawo shi don in ce waliyyi ba ne. Mutum ne mai taurin kai, kuma akwai dattawan da har gobe suke ganin da ya ɗan sassauta da talaka ya fi cin moriyarsa. Da PRP ta dare gida biyu, santsi da taɓo, yana ɓangaren santsi, wato ya raba gari da Malam Aminu Kano kansa. Ana iya yin gardama a kan duk wannan har asuba. Abin lura shi ne akwai abin yin gardamar a kai, a fili yake, da kwanan wata. Ya rayu kusan shekara arba'in bayan saukarsa, ya rasu a Nuwamban 2020, kuma duk tsawon lokacin nan yana inda aka san shi, bai yi ta tsalle daga wannan jam'iyya mai ci zuwa waccan ba. Yanzu ku auna da jagoranku wanda ya canza hula sau uku cikin shekara takwas, kowane sauyi kuma ku ne masu fitowa ku ce "maslahar al'umma ce."

Abin mamaki, mu ne fa mutanen da ba ma ba da 'ya sai an yi bincike. A tura kawu unguwar su yaro, a tambayi liman, a tambayi mai shagon bakin layi ko yana biyan bashi. Wannan don mace ɗaya ke nan. Amma jiha guda, da asibitocinta da makarantunta da albashin ma'aikatanta, sai mu ɗaura mata aure da wanda fostarsa kawai muka gani. 'Yar dattijon Madyana da ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, cewa ta yi mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi amintacce, kuma ta faɗa ne bayan ta ga aikinsa a bakin rijiya da idonta.

Binciken kuma ba shi da wuya. Tsarin mulki bai nemi abu mai yawa daga mai son zama gwamna ba: ɗan ƙasa ta haihuwa, shekara 35, jam'iyyar da ta tsayar da shi, da ilimin da ya kai matakin sakandare. Ragowar tantancewar an bar mana ita. Kowane ɗan takara yana cike fom na INEC mai suna EC9, ya yi rantsuwa a kan shekarunsa da makarantunsa da wuraren da ya yi aiki, kuma ana liƙa takardun don jama'a su gani. Ku je ku karanta, ku gwada da abin da 'yan kamfen suka rubuta. Sannan ku nemi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa. Masinjan ofis da direba da ɗan fansho sun fi kowane sojan baka sanin halin mai gida. In ɗan majalisa ne mai neman tazarce, ku tambaya ƙuduri nawa ya kai, sau nawa aka ji muryarsa a zaure. Rabon taliya da atamfa ana gobe zaɓe ba ya cikin lissafi.

Kai ma mai karatun nan, kada ka ɗauka maganar ta tsallake ka. Tun 2018 aka sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, don haka cikinku akwai waɗanda za mu gani a fosta nan ba da jimawa ba. Kuɗin ƙungiyar unguwa da aka ba ka ajiya, da na gyaran taransifoma da ka bi gida-gida ka tara, da zagin sa'an mahaifinka da kake yi a Facebook saboda an saka maka data, duk suna cikin fayil ɗinka. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma mutanen layinku ba sa mantuwa.

Mutumin nan nawa ya sake aiko mini a zaɓen da ya wuce, wannan karon kujerar da yake nema ta fi ta da girma. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi, ya faɗa masa zan rubuta ko sisi ba sai ya ba ni ba, amma daga shekaru ukun nan na ciyaman za mu fara, mu je ƙauyen tare mu ga rufin asibitin. Ɗan aiken ya yi dariya ya ce zai isar. Har yanzu ina jiran kira.