Bakano Ya Yi Wa Tayil Fenti

(Kicin ɗin gidan Alhaji Bakano. Koren fenti ya saɓule yana reto a jikin tayil. Bazazzagi mai fenti ya yi sallama.)

BAZAZZAGI: Alhaji, gobara aka yi ko ambaliya?

BAKANO: Bawana, ban kira ka tsiya ba. Dubawa za ka yi ka faɗi ra'ayi, ra'ayi kuwa ba a biyansa.

HAJIYA: Malam, sabon tayil na ce a sa min. Ya je Ƙofar Ruwa ya ji kuɗi, ya dawo ya ɗauko ragowar fentin zaure. Shekaranjiya ɓawon fenti na tsinta a miyar kuka.

BAKANO: Kore ne, miyar ma koriya. Wa ya lura?

BAZAZZAGI: (ya sa farce ya ja, fenti ya biyo shi) Kano ke nan, ko da me ka zo an fi ka, har da ɓarna. Wannan fentin ruwa ne, na filasta. Filasta tana shan fenti, shi ya sa yake kama ta. Fuskar tayil kuwa gilashi ce da aka gasa a wuta, ba ta shan komai. Ka ma wanke bangon kafin ka shafa?

BAKANO: In wanke me? Dattin nake son rufewa.

BAZAZZAGI: To maiƙon suyar Hajiya ka yi wa fenti. Yanzu sai an jiƙa wannan da ruwan ɗumi an kankare shi tas. Sannan a wanke da Omo sau 2, musamman saman murhu inda mai ke fantsama. A ɗauraye da ruwa mai kyau, don ragowar sabulu ma tana hana fenti kamawa. In ka ja yatsa a kai ka ji yana ƙara ƙiii, ya fita. In yana zamewa, koma.

HAJIYA: Baƙin nan na tsakanin tayil fa?

BAZAZZAGI: Fumfuna ce. Kofi 1 na Hypo a kofi 10 na ruwa, a shafa, a bar shi minti 10, a goge da tsohon burushin haƙori.

BAKANO: Zan tsiyaya masa ruwan wanke masai ya ƙara ƙarfi.

BAZAZZAGI: Kul! Haɗa su na tada iska mai guba, a ɗaki rufaffe sai a kwashe ka. Kai da ba ka son kuɗin fenti, kuɗin asibiti za ka so?

BAKANO: Na janye.

BAZAZZAGI: Inda layi ya zube, a cike da farin siminti. Tayil ɗin da ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar babu komai a bayansa, ya saki bango, sai an ciro an sake liƙa shi. Robar silikon da ke bakin wurin wanke-wanke a yanke ta da reza, fenti ba ya zama a kanta, sai an gama a sa sabuwa. A bar komai ya bushe awa 48, don layukan nan na riƙe ruwa. Daga nan sai samfefa, lamba 180 zuwa 220.

BAKANO: Akwai wadda kafinta ya manta a nan, lamba 40. Ta fi kaushi, za ta fi sauri.

BAZAZZAGI: Za ta yi wa tayil zane-zane, duk su fito ta cikin fenti. Ba cinye tayil ake so ba, sheƙin kawai za a kashe ya dushe, fenti ya sami abin riƙewa. Ka ɗaura takunkumi, ƙurar tayil ba ta yi wa huhu kyau. Ka goge ƙurar da tsumma mai laima, ya bushe, ka liƙa salatif na takarda a bakin soket, taga da kantar kicin.

BAKANO: Alhamdu lillahi. Sai fenti.

BAZAZZAGI: Sai firama, fentin shimfiɗa. Ba kowacce ba, ka duba gwangwani ka ga an rubuta tana kama tayil ko gilashi.

BAKANO: Wato in sayi fenti don in yi wa fenti shimfiɗa? Ni kaina katifata shekararta nawa.

HAJIYA: Wannan shari'a ce ta daban, za mu zo kanta.

BAZAZZAGI: Bango nawa ne? (ya auna) Mita 3 a faɗi, mita 1 da rabi a tsayi, guda 2. Murabba'in mita 9 ke nan. Lita 1 kan rufe kamar 10 a shafa ɗaya. Firama lita 1, fenti lita 2, don sau 2 za a shafa. Ka fara gwadawa a tayil ɗaya bayan firji: in ta kwana ta bushe, ka tsaga alamar kuros da reza, ka manna salatif ka fizge. In ya taho da ita, a sake wanki da samfefa.

BAKANO: Wane fenti ne mai arha?

BAZAZZAGI: Wanda ba za ka sake saye ba. Efoksi, mai gwangwani 2, fenti da ruwan da ke sa shi ƙanƙara. Ka auna daidai yadda aka rubuta a jiki. In ka rage na biyun don tsimi, zai yi wata yana danƙo, ƙuda na maƙalewa.

BAKANO: Sai in kwaɓa duka tun safe in huta.

BAZAZZAGI: Ka dawo daga azahar ka tarar da dutse a bokiti, rolarka a tsakiya. Da an haɗa su sun fara daskarewa, zafin Kano kuma na ƙara musu sauri. Kwaɓa abin da za ka shafe cikin rabin awa. Ƙaramin burushi ya bi layuka da kusurwa, ƙaramar rolar soso ta bi fili, daga sama zuwa ƙasa, siriri-siriri. In ka labta, zai zuba hawaye ya bushe da su. Shafa ta biyu sai washegari, ko yadda gwangwani ya ce. Salatif a cire shi kafin fentin ya yi tauri, in ba haka ba ya yago gefe.

HAJIYA: Warin fa, Malam?

BAZAZZAGI: A buɗe taga, a fitar da tukunyar gas da risho, kada a kunna ko ashana. Amma ba ranar da hazo ya sauko ba, ƙurar hunturu za ta manne bango ya yi kaushi. Tsakiyar damina kuma bushewa ke yin nawa.

BAKANO: In ya yi saura sai in zuba a ƙasan banɗaki.

BAZAZZAGI: Nan ruwa ke kwanciya, takalmi na gurza, ba zai daɗe ba zai fara kumbura yana ɓarewa, ga santsi. Haka tayil ɗin da harshen wuta ke lasa. Fenti na bango ne. Shi ma Hajiya, ban da soson ƙarfe, tsumma da ruwan sabulu sun isa. Kuma sai ya cika kwana 7 kafin ya ga tururi, mai ko ruwa.

HAJIYA: Kwana 7 ba girki? Madalla. Alhaji, sai a riƙa yi mana oda daga gidan abinci.

BAKANO: Murhu na nan a tsakar gida.

HAJIYA: Wanda ya shafa fentin zaure a kicin shi zai hura shi.

BAKANO: (ya ɗaga kai yana lissafi da yatsu) Mutum 9, sau 3, sau 7... Hajiya, wai mun yi Sitta Shawwal kuwa bana?

HAJIYA: Shawwal ya wuce da wata 4.

BAKANO: Nafila ba ta da wata. Gobe kowa ya ɗauka.

BAZAZZAGI: To sahur da buɗa-baki fa, a wane kicin?

BAKANO: Gidanka ba a bayan masallaci yake ba? Ka gaya wa iyali mu 9 ne, kuma ni ba na cin tuwo sai da man shanu.